Yadda za a shirya yaro shiga jami'a tun daga ajin farko na sanawi, ga 'yan uwa na Makka da Jidda

Duk shekara in sakamakon ɗaukar ɗalibai ya fito maganar ɗaya ce a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, yaro ya gama sanawi, wato babbar sakandare, da maki 94 ko 96, gida an yi murna an raba shayi, amma jami'a ba ta ɗauke shi ba ko kuma ta jefa shi fannin da ko a mafarki bai nema ba. Sai a ce ai wasɗa ce, wato sanayya, ko a ce don ikama, wato takardar izinin zaman baƙo, yake riƙe da ita. Da ƙamshin gaskiya a ciki, kujerun da ake ware wa wanda ba ɗan ƙasa ba kaɗan ne, wannan kowa ya sani. Amma ka karɓi takardun yaron ka duba, sau da yawa sai ka tarar a jarrabawa biyu na shiga jami'a, Kudurat ɗinsa 68, Tahsili 65, kuma sai da ya shiga aji uku ya fara ɗaukar waɗannan jarrabawa da muhimmanci, don babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa hanyar tun daga farko. Yawancin iyayenmu ba su bi ta jami'ar nan ba, toh ta ina za su san abin da za su tambaya?

A Amurka akwai wani shiri da aka gina saboda irin yaran nan, sunansa AVID. Wata malamar Turanci ce, Mary Catherine Swanson, ta fara shi a 1980 a sakandaren Clairemont da ke San Diego a jihar Kalifoniya, da ɗalibai 32. Darasin zaɓi ne, yana cikin jadawalin makaranta kamar sauran darussa, sai dai ba lissafi ko kimiyya ake koyarwa a cikinsa ba, yadda ake karatun kansa ake koyarwa: rubutu, iya tambaya, aiki da 'yan uwa, tsara kaya da lokaci, da karanta littafi da fahimta. Kuma ba haziƙan aji suke nema ba, yaran tsakiya suke nema, waɗanda ba su faɗi ba ba su kuma yi fice ba, musamman wanda a gidansu shi ne zai fara shiga jami'a. Wallahi in ka karanta siffar yaran kamar yaran Hindawiyya da Shari' Mansur da Gulail ake nufi. Makarantar gwamnati da ɗanka yake zuwa ba za ta ba shi aji mai wannan suna ba, amma kusan duk abin da suke yi ana iya yinsa a falo da yara biyar da farin allo ɗaya. Ga yadda za a bi.

Abu na farko shi ne yardar yaron, kuma nan ne iyaye suke fara ɓata lamarin. A can ba a tura yaro ajin nan dole, shi yake cike takardar nema, a yi masa intabiyu, sannan ya sa hannu a yarjejeniya shi da iyayensa. Ku ma ku yi haka. A zaunar da shi bayan ya gama mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, kafin a buɗe makaranta, a tambaye shi me yake so ya zama, a saurare shi ko da amsar ba ta yi wa Baba daɗi ba, sannan a rubuta sharuɗɗa a takarda guda: ba fashin makaranta sai da rashin lafiya, kowane darasi zai fito da rubutu, zai zo zaman bita sau biyu a mako da tambayarsa a hannu, ba zai gudu daga darasi mai wuya ba, kuma duk ƙarshen mako za a duba fayil ɗinsa. Iyaye su ma a rubuta nasu, don ba yaron kaɗai ake ɗaure wa ba. Awa biyu a rana ba aike, ba "tashi ka sayo mana tamis", ba a miƙa wa yarinya goyon ƙaninta ko tulin wanke-wanke a wannan lokacin. Kowa ya sa hannu a manna a jikin firij. Wasu za su ce wannan ai bidi'ar Turawa ce, ɗanka ma sai ka yi kwantiragi da shi? Ni dai abin da na gani shi ne yaro ɗan shekara 15 yana girmama abin da ya sa wa hannu fiye da faɗan da ake masa kullum har ya zame masa kiɗa.

Sai fayil da ajanda. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Babban fayil ɗaya mai zobe, a raba shi gida-gida kowane darasi da gidansa, da 'yar jakar biro da fensir a gaba, ko a shagon Abu Hamsa za ka samu ba sai ka je babbar maktaba ba. Duk takardar da ustaz ko abla suka raba a huda ta a sa ta ranar, da kwanan wata a sama. Ajanda kuma ta takarda, ba ta cikin jawwal ba, wato waya, don in ya ɗauki jawwal zai duba wajib, wato aikin gida, sai ya farka bayan awa ɗaya a TikTok. A ciki zai rubuta wajib da ranar miƙawa da ranakun gwaji. Ranar Alhamis da yamma wani babba ya duba, minti goma ya isa.

Yanzu ga inda nake so a tsaya sosai, wato yadda ake ɗaukar rubutu a aji. Yaranmu sun saba da kwafe abin da ke allo harafi da harafi, su rufe daftari, sai daren jarrabawa a nemi mulakkas, wato taƙaitaccen rubutu, na wani a haddace. Da wannan ana cin gwajin makaranta, shi ya sa ake ganin 96 ɗin nan, amma Tahsili ba ta san haka ba, za ta tambaye ka abin da ka karanta shekara biyu da suka wuce kuma ta juya tambayar. Tsarin da AVID ta shahara da shi ana ce masa rubutun Cornell, wani malami Walter Pauk ne ya fito da shi a jami'ar Cornell a shekarun 1950. Ka ɗauki shafi ka ja layi daga sama zuwa ƙasa ya raba shi gida biyu, ɗaya siriri kamar kashi ɗaya cikin uku, ɗaya mai faɗi. A ƙasa ka ja wani layin a kwance ka bar wurin layi biyar ko shida. Da yake yaranmu da Larabci suke rubutu, siririn gidan ya koma hannun dama, babu laifi. A cikin aji babban gidan kawai ake cikewa, kuma ba kowace kalma ba, kanun magana da misali da zane, da alamar tambaya a duk inda bai gane ba. In ya dawo gida, ranar fa ba gobe ba, sai ya koma kan shafin ya ja layi ƙarƙashin muhimman kalmomi, ya cike giɓin da ya bari daga littafi, sannan a siririn gidan ya rubuta tambayoyin da rubutun yake amsawa. A ƙasa kuma ya taƙaita darasin da bakinsa cikin jimla uku ko huɗu.

Amfanin ya fi fitowa wajen bita. Ya rufe babban gidan da takarda, ya karanta tambaya ya amsa da ka, ya buɗe ya gani. Hajiya ko ba ki karanta kimiya ba za ki iya riƙe daftarin ki karanto masa tambaya ki duba ko abin da ya faɗa ya yi daidai da na gefe. Sannan a lura da irin tambayar da yake rubutawa. "Mene ne sunan kaza" tambaya ce ta matakin ƙasa, ana buƙatarta amma kada shafin ya cika da ita. A tura shi ya riƙa rubuta "me ya bambanta kaza da kaza", "me ya jawo", "me zai faru in aka cire kaza". Makon farko zai yi ta ƙorafi wai ɓata lokaci ne, ku ƙyale shi ya yi ƙorafin yana yi.

Mataki na gaba shi ne zaman bita, kuma shi ne zuciyar shirin gaba ɗaya. A AVID sau biyu a mako ake yi, ɗaliban jami'a ne suke zuwa su jagoranci ƙananan rukuni. Mu ma muna da su, a kowace unguwa ba a rasa yaya ko anti da ke jami'ar Ummul Ƙura ko jami'ar Sarki Abdul'aziz ko wanda ya gama yana zaune. A haɗa yara huɗu zuwa bakwai, maza daban mata daban yadda muka saba, Litinin da Laraba bayan La'asar misali, awa ɗaya. Sharaɗin shiga shi ne kowa ya zo da takarda da ya cike tun a gida: ga tambayar, ga abin da na riga na sani a kanta, ga inda na gwada, ga daidai inda na maƙale. "Ban gane lissafi ba" ba tambaya ba ce, wanda ya zo da ita a mayar da shi ya nemo ainihin wurin. Mai tambaya ya tashi gaban allo ya yi bayani cikin rabin minti, sauran kuma aikinsu su yi masa tambayoyi har ya gano da kansa. Jagora ba ya ba da amsa. Na maimaita, ba ya ba da amsa, in ya fara warware musu a allo to ya zama darasin kuɗi irin wanda aka saba, yara suna kallo suna gyaɗa kai su fita kamar yadda suka shigo.

Ga yadda abin yake kama. Yarinya ta rubuta a allo: direba ya tafi Makka daga Jidda da gudun 120, ya dawo da gudun 80, a ɗauka nisan kilomita 80 ne, mene ne matsakaicin gudunsa? Ta ce, "Anti ni dai na haɗa 120 da 80 na raba biyu ya ba ni 100, amma littafi ya ce 96, nan na tsaya." Antin ba ta ce mata kin yi kuskure ba, sai ta juya ga sauran ta ce wa ke da tambaya. Ɗaya ta ce, "Minti nawa ya yi a tafiya?" Ta lissafa, 40. "A dawowa fa?" Awa ɗaya cur, minti 60. Wata ta ce, "Toh a wanne gudun ya fi daɗewa?" Yarinyar ta yi shiru tana kallon allo, can ta ce, "Au, ashe ya fi daɗewa yana tafiya a hankali, shi ya sa ba zai zama tsakiya ba." Ta haɗa kilomita 160 cikin minti 100, ta fitar da 96 da hannunta. Kafin a tashi kowa ya rubuta layi biyu a kan abin da ya koya daga tambayar wani. In jagoran yana buƙatar ɗan abin mota iyaye su haɗa masa, bai kai kuɗin malamin gida ba ko kusa.

Ƙarshen shekarar farko kuma akwai babban zaɓi. Tun 2021, wato 1443, sanawi a Saudiyya ta koma tsarin masarat, wato layukan karatu, kowanne ana ce masa masar. Shekarar farko kowa tare yake, daga nan a rabu gida biyar: masar na gama-gari, na kwamfuta da injiniyanci, na lafiya da rayuwa, na gudanar da kasuwanci, da na shari'a. Ba kowace makaranta ke da duka biyar ɗin ba, na gama-gari ne ya fi yawa, kuma shiga na musamman yana bin maki da yawan kujeru, ka ga ke nan wasa a aji ɗaya yana iya rufe ƙofa tun kafin a je ko'ina. Kada yaro ya zaɓi masar don abokinsa yana can ko don an ce ya fi sauƙi. A fara daga ƙarshe a dawo baya: wace kwaleji yake so, a buɗe shafin jami'ar a ga wane masar take karɓa da waɗanne jarrabawa, sannan a zaɓa. Uba ko yaya ya taka ya je makaranta ya gana da muwajjih, wato mai ba ɗalibai shawara, aikinsa ke nan, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai in yaro ya yi faɗa an kira mu. Wanda ya tsaya a gama-gari zai tarar da fagen zaɓi a gaba, darussa irin su zanen dijital da tsaron intanet, ya ɗauki wanda ya dace da inda ya dosa ba wanda aka ce malaminsa ba ya takura ba. A riƙa leƙa Noor, shafin ma'aikatar ilimi na intanet, ana ganin maki da fashi, kada a jira sai an kawo shahada, wato takardar sakamako, don makin da jami'a za ta duba na shekara ukun ne a haɗe.

Toh sai Kudurat da Tahsili, waɗanda cibiyar Ƙiyas take shiryawa. Jami'o'i ba makin sanawi kaɗai suke kallo ba, suna haɗa shi da waɗannan su fitar da abin da ake kira nisba mauzuna. Kowace jami'a da rabonta, amma wanda aka fi gani a kwalejojin kimiyya shi ne 30 na sanawi, 30 na Kudurat, 40 na Tahsili. Mu lissafa. Yaro mai 95 a sanawi, 70 a Kudurat, 68 a Tahsili: 28.5 da 21 da 27.2, jimla 76.7. Wani mai 88 kacal a sanawi amma ya ci 85 da 84: 26.4 da 25.5 da 33.6, jimla 85.5. Na biyun da ba a yi masa walima ba ya wuce na farkon da kusan maki 9. Ku zauna da yaron ku yi wannan lissafin da makinsa na gaskiya, ya fi wa'azin awa guda tasiri.

Kudurat gida biyu ce, lafzi wato ɓangaren harshe, da kammi wato ɓangaren lissafi. A lafzi akwai dangantakar kalmomi, cike jimla, gano kalmar da ta ɓata ma'ana, da karanta nassi a amsa tambaya. Nan yaranmu da yawa suke zubar da maki, don Larabcin titi da na gida daban, fusha ta jarrabawa daban, kuma babu maganinsa sai karatu, minti ashirin kullum na littafi ko maƙalar jarida, ya faɗa maka abin da ya karanta a taƙaice. Wanda ya yi tahfiz yana da jari babba a nan in aka nuna masa yadda zai yi amfani da shi. A kammi kuma ba a shiga da kalkuleta, saboda haka tun aji ɗaya a raba shi da ita a ƙananan lissafi. Kashi 15 cikin ɗari na 240? Kashi goma 24, rabinsa 12, a haɗa 36, a ka, cikin daƙiƙa biyar. Ana fara zama Kudurat tun aji biyu kuma ana iya maimaitawa, don haka a yi rajista da wuri a shafin Ƙiyas, a yi ta farko a aji biyu a ga inda rauni yake, a gyara a koma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tajmi'at, wato tarin tsofaffin tambayoyin da ake yawo da su a Telegram, suna da amfani wajen sabawa da salon tambaya, amma bayan an gina tushe, kuma da agogo a gefe, wanda ya haddace su kawai in aka canja lamba ɗaya ya rikice. Tahsili kuwa ta ƙarshen aji uku ce, ilmin halittu da kimiya, wato kemistiri, da fiziya da lissafi na duk shekarun sanawi, kuma a nan ne fayil ɗin nan da shafukan Cornell na aji ɗaya da biyu za su biya kuɗinsu, don haka kada Hajiya ta zubar da su ranar sharar Idi. Mai son fannin da ake koyarwa da Turanci ya duba ko ana neman jarrabawar Turanci ta STEP ko IELTS.

Akwai kuma awa 40 na aikin sa kai da tsarin masarat ya sa a matsayin sharaɗin kammalawa, da mashru'i, wato furojet, na kammalawa. Mu da muke Makka da Jidda wurin yin aikin sa kai ba ya mana wuya, ga Ramadan ga Hajji, yaro mai Hausa da Larabci kuwa abin nema ne wajen yi wa alhazai jagora. Abin lura kawai a yi shi ta hanyar makaranta ko dandalin aikin sa kai na ƙasa don a rubuta awannin, taimakon da ba a rubuta ba lada ne kawai. A raba su cikin shekarun kada a bari su taru a zangon ƙarshe lokacin da Tahsili take bakin ƙofa. Kuma tunda an zo maganar mausim, wato lokacin Ramadan da Hajji, na san gidaje da yawa suna dogara da abin da samari suke samowa a lokacin, ba zan ce a hana ba, amma shekarar aji uku a yi haƙuri a rage masa.

In yaro ya karya yarjejeniya fa? Zai karya, wannan babu makawa. A AVID ma ba korarsa ake yi nan take ba, ana sa shi a lokacin gwaji ne a ga ko zai gyara. Makin darasi ya sauka ko fayil ya zo a hargitse mako biyu a jere, a zauna da shi da jagoran a rubuta abu biyu da zai gyara cikin wata ɗaya, tambayoyinsa na zaman bita duk su koma kan wannan darasin, jawwal ya riƙa kwana a ɗakin Mama. Ban da gori a gaban baƙi, ban da "ga ɗan wane can".

Na ƙarshe takardu, kuma wannan aikin iyaye ne ba na yaro ba. Wanda yake ɗan ƙasa hanyarsa a miƙe take, ya bi sanarwar ɗaukar ɗalibai ya jera zaɓinsa da hankali, kada ya cike duka da likitanci. Mai ikama kuma ta hanyar minha, wato sukolashif, ta cikin gida yake nema, wadda jami'o'in gwamnati suke ba mazauna ƙasar, ana bi ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya, kuma ba a karɓar ikamar da ta mutu, saboda haka tun farkon aji uku a duba ranar ƙarewarta da ta fasfo. A tanadi hanya ta biyu tun da wuri. Da can da yawa Sudan suke tura yara, jami'ar Ifriƙiya da ke Khartum, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula wannan hanyar. Mai tunanin Najeriya ya sani akwai JAMB kuma Turanci zai zame masa dole, wannan ba shirin wata uku ba ne, tun aji ɗaya ake farawa. Mai tunanin Nijar akwai jami'ar Musulunci ta Say. Duk inda za a kai shahadar sanawi a waje sai an yi mata tasdiƙi, wato hatimin tabbatarwa, a tambayi matakan a ofishin ilimi da ƙaramin ofishin jakadanci kafin a sayi tikiti. Sannan ku ɗauko ikama da fasfo da takardar haihuwa ku buɗe Noor ku jera su, ku duba sunan yaron da na uba da na kaka harafi da harafi, da Larabci da boko, da ranar haihuwa ta Hijira da ta Miladiyya. In a wani wuri Usman ne a wani Othman, ko an juya sunan uba da na kaka, a kai wa makaranta a gyara tun yana aji ɗaya ko biyu, don bayan an buga shahada gyaran ya fi wahala nesa ba kusa ba, kuma lokacin neman gurbi kwanaki ne ƙalilan.